Yayata Mai Kiwon Saiwar Gyaɗa

Shekara ashirin da shida Yaya ta yi tana aiki a hawa na biyu na wata cibiyar binciken tsirrai da ke can ƙarshen gari, inda motocin haya ke juyawa. A duk tsawon shekarun nan babu wanda ya fahimci aikinta a gidanmu. In baƙo ya tambayi Inna me babbar 'yarta ke yi, sai ta ce, "Noman gyaɗa take yi a kwalba." Baƙon ya yi dariya, Inna ta taya shi. Ni ce auta, shekara tara ce tsakanina da Yaya, kuma ni ma na yi dariyar nan iya ƙarfina.

Ba da niyyar bincike ta shiga wurin ba. Saura mata shekara ɗaya ta gama sakandare Baba ya rasu, ta ajiye littattafai ta shiga neman aiki, aka ɗauke ta wankin kwalabe. Ɗakin wankin ba shi da taga, sai famfo biyu da wata ƙatuwar tukunyar tururi da ake dafa kwalaben a ciki don kashe ƙwayoyin cuta. Nan ta tsaya shekara uku, hannuwanta kullum a jiƙe, har fatar yatsunta ta yi fari tana saɓulewa.

Shugaban sashen wani Farfesa ne siriri, mai faɗan tsiya, wanda ɗalibai ke canza hanya in sun hango shi. Wata rana ya shigo ɗakin wankin riƙe da kwalba, ya ce, "Wa ya wanke wannan?"

Yaya ta ce ta sadaƙar an kore ta. Ta ce, "Ni ce, ranka ya daɗe."

"Duk wadda ta bi ta hannunki ba ta yin fumfuna. Na sauran kuwa rabi lalacewa suke. Goge hannunki ki biyo ni."

Daga ranar ya fara koya mata. Abin da suke yi, yadda na fahimce shi daga baya, shi ne: a bar ƙwayar gyaɗa ta tsiro, a soki ganyenta da allurar da aka tsoma cikin wata ƙwayar halitta da ke rayuwa a ƙasa. Daga wurin sukar sai saiwa ta fito, fara fat, mai gashi-gashi. A yanke ta a jefa a kwalbar ruwan sukari da ma'adinai, a ajiye a duhu kan wani inji mai girgiza kwalaben dare da rana. Ba ƙasa, ba ganye, ba rana, amma saiwar ta yi ta girma har ta cika kwalbar. Sa'annan a ɗiga mata wani sinadari da zai sa ta ji kamar cuta ce ta kama ta, sai ta fitar da abin kare kanta cikin ruwan, ruwan ya koma rawaya. Wannan abin suke tacewa su auna, don masu haɗa magunguna suna sa rai a kansa.

Saiwa iri sittin da ɗaya suka fitar a shekarar farko. Yawancinsu ragwaye ne, ruwansu da ƙyar yake canza launi. Lamba goma sha bakwai kuwa, wadda Yaya ce ta soki ganyenta da hannunta, ita kaɗai tana ba da abin da goma ba su bayarwa. Sai dai ga shagwaɓa. In ɗaki ya yi ɗan zafi ta yi baƙi, in sukari ya yi yawa ta ƙi girma. Yaya ta sa mata suna 'Yar Gata, sunan ya bi ta har bakin Farfesa. Ita kuma Yaya ma'aikata suka laƙaba mata Uwar Saiwa.

Kowane sati uku sai an buɗe kwalaben an yanki kan saiwar an mayar da shi sabon ruwa. In aka wuce da 'yan kwanaki, abincin ya ƙare, saiwar ta ruɓe. Ɗalibai sun sha gwadawa, amma a hannunsu 'Yar Gata ba ta daɗewa. Haka rayuwar Yaya ta koma sati uku-uku. Ba ta taɓa yin tafiyar da ta kai kwana ashirin ba.

Ta auri wani makanikin manyan motoci, mutum mai raha wanda ke kirana "sarauniyar almakashi" tun ina koyon ɗinki. Suka haifi 'ya ɗaya. Yarinyar na da shekara huɗu kamfaninsu ya mayar da shi wani gari mai nisan yini guda a mota. Yaya ta ce ya yi gaba, za ta biyo shi da zarar ta horar da wanda zai karɓe ta. Ta horar da ɗalibi, ya gama karatu ya tafi. Ta horar da wata, ta samu gurbin ƙaro ilimi a waje. Mijin ya yi ta zuwa ƙarshen wata, daga baya ya koma bayan wata uku. Ba su taɓa ɗaga wa juna murya ba, auren ne kawai ya tsinke kamar tsohon zare. Da yarinyar ta isa shiga makaranta ya roƙi ta zauna wurinsa, don makarantar can ta fi kyau, Yaya ta yarda. Ranar da aka zo ɗaukarta ni na shirya mata jaka, saboda Yaya tana wurin aiki har azahar.

Duk wannan ban riƙe ta da shi ba. Abin da na riƙe shi ne ranar Inna.

Inna ta kwanta asibiti da ciwon ƙoda, mu biyu muke jinya. Ranar Talata da safe, kwana na goma sha ɗaya, ta samu barci mai nauyi, numfashinta ya daidaita. Yaya ta miƙe ta ɗauki jaka. Ta ce, "Auta, na wuce lokaci da kwana uku. Awa biyu kawai, yanzu zan dawo."

Na ce, "Yaya, ki duba fuskarta mana."

"Barci take. Likita ma ya ce da sauƙi."

Kafin sha biyu Inna ta cika, hannunta a cikin nawa. Sau ɗaya ta buɗe ido ta dubi kujerar da Yaya ta tashi. Da Yaya ta dawo har an rufe ta da zane. Ta tsaya bakin ƙofa, ƙamshin sifirit ɗin kashe ƙwayoyin cuta na tashi daga hannunta. Na ce mata, "Ki koma, 'ya'yanki na jira." Daga ranar, shekara huɗu, gaisuwa ce kawai tsakaninmu, ita ma in mun haɗu gidan dangi.

A cikin shekarun nan Farfesa ya yi ritaya. An ce a taron bankwana ya nuna Yaya ya ce duk takardun da ya rubuta a kan gyaɗa, shi alƙalami kawai ya riƙe. Aka tafa. A takardar ɗaukar aiki kuwa har lokacin sunan muƙaminta mai wanke kwalabe, don ba ta da shaidar gama sakandare. Farfesa ya koma wurin ɗansa, bai cika shekara ba ya rasu. Wanda ya gaje shi wani Dakta ne mai sanyin hali, sai dai hankalinsa na kan masarar da ke jure fari, kullum yana ɗakin taro ko kan hanya. Bai hana Yaya kiwon saiwarta ba, bai kuma taɓa leƙa ɗakin duhun ba.

Wata Alhamis da la'asar ina shagona sai na ga inuwa ta tare ƙofa. Yaya ce. Ta rame, ta saka hannu biyu cikin mayafi. Muka gaisa sama-sama, ta zauna kan bencin masu jiran kaya. Ina zura zare a allura na ji ta ce, "Auta, cire ki sake in gani."

"Me zan sake?"

"Zaren."

Na cire na sake zurawa. Ta ce in sake. Sau uku ina yi, raina ya fara ɓaci. Sai ta fito da hannunta na dama ta ɗora a gwiwa. Yatsun suna rawa su kaɗai, babban yatsa na goga manuni kamar mai murza wani abu. Ta danne shi da na hagu, na hagun ma ya ɗauka.

Ta ce, "Wata bakwai ke nan. In na kama hantsaki sai na taɓa bakin kwalba. Cikin kwalba goma sha biyu, uku suka rage min masu tsafta. In na sake buɗe su da wannan hannun, shi ke nan."

"Kin je asibiti?"

"In na je za su rubuta, in suka rubuta za a sallame ni." Ta mayar da hannun cikin mayafi. "Ban zo don na cancanta ba. Na zo don ban san mai hannu irin naki ba."

Na so in faɗa mata magana mai zafi, na ma tanade ta shekara huɗu. Amma na dubi hannun nan da ya yi min kitso har na girma, sai na fasa. Na ce, "Yaushe?"

Ranar Asabar da safe muka je, lokacin babu kowa sai mai gadi, wani tsoho da ya san Yaya tun tana budurwa. Ya dube ni ya dube ta, ya ce, "Uwar Saiwa, yau da baƙuwa?" Ta ce, "Ƙanwata ce, tana taya ni ɗaukar kaya." Ya kau da kai.

Ta fara kai ni ɗakin duhun. Sanyi, ga ƙarar inji ƙasa-ƙasa, kwalabe jere suna kaɗawa a hankali. Ta kunna ƙaramar fitila ta ce in ɗaga ɗaya. Abin da ke ciki kamar dunƙulen farin zaren da kyanwa ta yi wasa da shi. Na ce, "Wannan ce ta hana mu sakat shekara ashirin?" Ta ce, "Ki gaishe ta, 'yarki ce."

Wurin aikin wani teburi ne mai rufin gilashi da iska mai tsafta ke hurowa daga cikinsa. Ta sa na wanke hannu har gwiwa sau biyu, ta sa min farar riga da ƙyallen rufe baki, ta fesa min sifirit. Ta tsaya bayana tana ba da umarni. Ƙona bakin hantsaki a wuta. Jira ya huce. Buɗe murfin da ƙaramin yatsa, kada ki ajiye shi. Kada hannunki ya bi ta saman kwalba. Yanki kan saiwar, tsawon gaɓar yatsa. Kada ki yi magana.

Kwalba shida na yi, gumi ya jiƙa min baya. Bayan kwana biyar ta kira ni ta ce huɗu sun yi fumfuna.

"Kin yi numfashi a kansu."

"To in daina numfashi ne?"

"In da hali."

Karo na biyu ɗaya ce ta lalace. Karo na uku duka suka tsira, na ji muryarta a waya kamar ta yarinya.

A Asabar ta huɗu ne, na buɗe kwalba ta farko, hantsaki a hannuna, ba damar in yi magana ko in juyo, ta fara magana daga bayana. Na san da gangan ta zaɓi lokacin.

Ta ce, "Ranar Inna, ba don saiwa kaɗai na fita ba. Tun asuba na ga farcenta ya canza launi. Na gani a hannun Baba, ke lokacin kina ƙarama. Na san abin da ke tafe, na ji ba zan iya tsayawa in sake gani ba. Na zo nan na yi aikin cikin minti arba'in, sauran lokacin a ɗakin duhu na zauna a ƙasa. Na bar ki ke kaɗai, ina sane. Na fi son ki ɗauka aiki ne ya fi min ita, da ki san tsoro ne."

Hawaye suka jiƙa ƙyallen bakina. Na yanki saiwar, na saka, na rufe, na ɗauki ta biyu. Sai da na gama shida na ajiye hantsaki na juyo. Ta ce, "Ta uku kin bi ta samanta, ki ware ta gefe." Ba mu sake tayar da zancen ba. Ba zan ce na yafe a ranar ba, amma a motar komawa na bar ta ta jingina da kafaɗata.

Wata goma muka yi a haka. Kwalabe suka koma goma sha biyu. Ranakun aiki Yaya tana auna abin da ba ya buƙatar hannu mai ƙarfi, tana ɓoye hannunta a aljihun riga. Mai sito, abokin aikinta na shekaru, ya gane tun tuni, shi yake ɗaukar mata kwalabe daga tukunyar tururi ba tare da ya ce komai ba.

Wata Asabar Dakta ya dawo ɗaukar wasu takardu da ya manta. Ya ga fitila a kunne ya turo ƙofa, ya tarar da tela sanye da farar rigar cibiya tana yanka saiwa. Ya jira har na rufe kwalbar, sa'annan ya ce, "Yaya, wace ce wannan?" Shi ma Yaya yake ce mata. Ba ta yi masa ƙarya ba, ta fito da hannuwanta ta nuna masa.

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. Ya zauna kan kujera ya dafe goshi. Ya ce me ya sa ba ta faɗa masa ba, ya ce akwai sinadarai a ɗakin nan da in suka zube min shi za a tuhuma. Yaya ta ce, "Ka bar ta ta ci gaba, ranka ya daɗe. Sau ɗaya a sati uku. Ta fi duk ɗaliban da na koya wa." Ya ce, "Na yarda da ke, amma ba ni da ikon nan. Ba ma'aikaciya ba ce." Da kansa ya kai ta wurin likitan jijiya ranar Litinin. Likitan ya ce ciwon rawar jiki ne da ba ya warkewa, sai dai magani ya rage masa gudu. Bayan wata biyu aka ba ta takardar ritaya saboda rashin lafiya.

Aka miƙa 'Yar Gata ga wata malama mai aji uku da goyo. Yaya ta yi sati biyu tana nuna mata komai, malamar kuma ta yi iya ƙoƙarinta, ta riƙe saiwar wata biyar. Ni kuwa na kwaso kayan Yaya na dawo da ita gidana, don ta fara kasa ɓalla maɓallin riga.

Mai sito ne ya kawo labarin. Ya zauna ya sha ruwa, ya yi ta zancen tsadar taya da ciwon bayansa, har Yaya ta ce, "Faɗi abin da ya kawo ka." Ya ce an yi dogon hutu, malamar ta tafi da jaririnta asibiti a wani gari, bel ɗin injin girgiza ya tsinke, babu wanda ya shiga ɗakin kwana goma sha tara.

Yaya ta ce, "Wane launi?"

"Baƙi. Duka sha biyun."

"Kun duba tsakiya? Wani lokaci tsakiyar na da rai."

"Na duba da kaina."

Ta gyaɗa kai. Ta tambaye shi 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, ta sa na raka shi bakin titi. Da na dawo na tarar ta juya fuska bango. Kwana biyu ba ta ci komai ba sai shayi, shi ma ni nake riƙe mata kofin.

Bayan wata takwas sai ga Dakta a shagona, yana sunkuyawa ƙarƙashin rigunan da na rataye. Ya ce wasu masu bincike daga ƙasar waje sun karanta tsohuwar takardar Farfesa, sun rubuto suna neman saiwa lamba goma sha bakwai, suna so a yi aiki tare. Cikin jin nauyi ya tambayi Yaya ko ta taɓa ajiye wani yanki a gida.

Ta ce, "A ina? Ƙarƙashin gado?"

Ya yi murmushin yaƙe. Ya ce to ko za ta faɗa masa yadda aka yi aka same ta, ko za su iya fitar da wata. Na ɗauka za ta ƙi. Sai ta ce in jawo masa kujera. Yamma uku ya yi yana zuwa, tana faɗa yana rubutawa: irin gyaɗar, kwana nawa da tsirowa, gefen ganyen da ake suka, zurfin allura, yadda ake gane saiwa mai ƙwari tun tana 'yar mitsitsiya. Muryarta ta riga ta fara shaƙewa, sai ya kawo kunne kusa. Ya cika littafi guda. A rana ta ƙarshe ya ce, "Shekara huɗu muna gini ɗaya ban san kin san duk wannan ba." Ta ce, "Ba ka tambaya ba, ni ma ban faɗa ba."

Sun gwada. Saiwa iri casa'in da 'yan kai suka fitar cikin shekara guda, wadda ta fi kyau a ciki ba ta kai rubu'in 'Yar Gata ba. Mutanen waje suka daina amsa wasiƙa. Dakta ya kira ya faɗa mata da kansa, na kanga mata wayar a kunne. Ta ce, "Ku ci gaba, sa'a ce." Ya ce za su ci gaba. Mai sito ya gaya min an mayar da ɗakin duhun wurin ajiye buhunan iri.

Yanzu shekararta arba'in da bakwai, amma in ka gan ta za ka ƙara mata goma sha biyar. Ƙafa ta fara riƙewa, in ta tashi tafiya sai ta tsaya cak bakin ƙofa kamar an kafe ta, sai na ƙirga mata ɗaya, biyu, uku ta ɗaga. Na sauko da gadonta ɗakin bayan shago saboda matakala. 'Yarta ta zo sau ɗaya da mijinta, ta kawo bargo mai laushi, suka zauna awa guda suna gaisuwa da zancen hanya. Yarinyar kirki ce, ba su dai san abin da za su ce wa juna ba.

Sati mai zuwa za mu koma wurin likita, ya ce zai ƙara yawan maganin. Ta rage magana sosai. Jiya ina ɗinki ta kira ni ta ce in rage ƙarar rediyo. Na tashi na kama maɓallin, sai ta ce a'a, in bar shi yadda yake, in zauna nan kusa da ita tukuna. Na zauna. Mai kayan da nake ɗinka ta zo ta yi sallama sau biyu, na ce mata ta dawo gobe.